Baɗin da Yaya Habibu bai gani ba

Shekara tara ke nan cif, a irin wannan lokaci na kaka, da maza suka ɗauki Yaya Habibu suka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk tsawon shekarun nan bakina a ɗinke yake kan wata magana, don shi ya roƙe ni in yi shiru. Bana ɗinkin ya kwance. Duk wanda ya san ni a firamaren da nake koyarwa ya san shiru ba halina ba ne, to ku auna irin kayan da na ɗauka.

Mu 'ya'yan maƙera ne, a wani ƙauye bayan Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, ba ka ganin daji ko na tsugunnin akuya. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ƙanensa Baffa Garba ya riƙe mu, shi ne kuma ya riƙe maƙerar gidan. Yaya Habibu ne ɗan farin Inna, ni Talatu nake bi masa. Ya tashi a gindin zuga-zugi kamar kowane ɗan gidanmu, sai dai kansa na ja. Ya ci jarrabawar makarantar kimiyya, ya wuce karatun fasaha, daga nan wani kamfani a Kano ya ɗauke shi ya ɗora shi kan inji mai yankan ƙarfe da umarnin kwamfuta.

Ya sha yi mini bayanin aikin har na haddace. Da farko za a zana abin da ake so a kwamfuta, kowane gefe da awonsa. Sai a rubuta wa injin umarni da lambobi, je nan, nutsa kaza, juya, tsaya. Sannan a ɗaure ƙarfe a cikinsa a rufe ƙofa, shi kuma ya yi ta fiƙewa har abin ya fito. Ko guda ɗari ake so, na ƙarshe ba zai saɓa da na farko ko da kaurin gashi ba. A manyan wurare mai zane daban, mai rubuta umarni daban, mai tsayawa kan inji daban, ga kuma mai bin kaya da ma'auni yana tantancewa. Yaya duk ya iya. In na ce masa ya guje wa gadon gida, sai ya yi dariya ya ce ƙira ce dai tamu ta kaka da kakanni, illa gudumarsa tana jin lissafi.

Sai shekarun wahala suka shigo. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, man janareta ya gagari masu kamfani, aka fara rage ma'aikata, wata safiya kuma suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Yaya ya dawo ƙauye da matarsa, da 'yarsa Rabi, da wani ma'auni mai baki biyu kamar awartaki wanda ba ya rabuwa da aljihunsa. Mutanen garinmu kuwa ba sa raina abin dariya. In ya wuce majalisa sai ka ji an ce, a'a, injiniya, an dawo zuga ke nan? Shi sai ya ɗaga hannu ya gaishe su. Ni ce nake kwana da ciwon abin.

Bai zauna ba. Ya duba ya ga abin da ke cin mutanenmu. Ruwan shuka ba ya jiran kowa, samari kuma duk sun gudu birni neman na abinci. Sai ka ga dattijo yana sara da sungumi, tsohuwarsa na biye tana zuba iri tana takewa da diddige, kafin su gama rabin gona laima ta gudu. Tarakta kuwa, ko an ba ka kyauta, ina za ta juya a 'yan gonakinmu? Sai ya zana injin shuka da ake turawa kamar baro. Ƙafa ɗaya gare shi, da gwangwanin iri a sama, a ƙarƙashin gwangwanin kuma akwai wani faifan ƙarfe mai ramuka a gefe. In ƙafar ta juya faifan ya juya, kowane rami ya tsakuro iri daidai abin da yatsu uku za su ɗauka, ya saki a ƙasa. Gero da faifansa, dawa da nata, wake da nasa. Duk rayuwar injin tana cikin ramukan nan. In rami ya yi faɗi iri ya zube a banza, in ya matse ko bakinsa ya yi kaifi ya farfasa ƙwayar, ka shuka gari.

Don ya sami girman ramukan nan har kasuwar hatsi ta Dawanau ya riƙa zuwa. Aka kawo mana labari gida cewa an ga Habibu tsugune gaban buhu yana auna ƙwayar gero ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Wani ɗan kasuwa ya ce masa, malam, mu nan da tiya muke awo, in ƙwaya-ƙwaya za ka saya sai ka dawo da guzuri. Aka yi ta yi da shi har a gidan biki. Shekara uku yana wannan, yana gwadawa yana sokewa, duk yana zubawa cikin wani littafi mai baƙin bango, shafi bayan shafi na gidaje da lambobi. Kuma yana da wata ɗabi'a, ba ya taɓa littafin nan sai ya wanke hannu da sabulu da toka har gwiwar hannu ya goge tas, don kada baƙin mai ya ɓata masa lamba.

Gangar jikin injin a maƙerar Baffa ake haɗa ta, wannan aikin guduma ne. Faifan kuwa sai an je Kano, wurin wani tsohon abokin aikinsa da ke ba shi aron inji in an kawo wuta. Da ya yanko na farko ya gwada a gayaunar Inna, gero ya fito kamar an jera shi da hannu. Gani ya kori ji. Masu dariyar jiya suka yi layi, damina mai zuwa kowa na son nasa.

To a nan aka yi ta. Baffa ya haɗa gangar jiki goma sha biyu, Yaya ya tafi Kano yanko faifai, wuta ta ce ba ta san zancen ba. Mako uku yana zaune gaban inji kamar mai gadi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma suka dami Baffa da sintiri. Shi kuwa mutum ne da ya shekara arba'in yana ƙera fartanya da lauje ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kullum maganarsa ita ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai ya ɗauko faifan gwaji ya ajiye a gabansa, ya yanko tsohon ƙarfen mota, ya huda ramuka da ƙusa da guduma, yana kallo yana kwaikwayo. A ido ba ka bambanta su. Ya ɗaura, ya miƙa wa mutane, bai ce musu komai ba, su kuma suka ɗauka saƙon Habibu ne ya iso.

Aka yi ruwa, aka yi shuka. Bayan mako gonaki goma sha biyu suka fito kamar kan mai ƙora, nan cunkus, can fili fetal. A shekarar da mutum ke ɓoye irin shukarsa a ƙarƙashin gado don kada yunwa ta sa a daka shi! Wasu sun sake shuka a makare, wasu ba su da abin sakewa. Gari ya ɗauka, injin Habibu ya cinye irin mutane, boko ya zo ya kashe noma. Wani har ƙofar gidanmu ya turo injin ya kifar da shi.

Ranar da Yaya ya dawo ya kwance faifai ɗaya, ya shafa ramin da ɗan yatsa, ina tsaye a kansa. Bai ko ciro ma'auni ba. Na ga fuskarsa, na gane, na ce wallahi yanzu zan fita in faɗa wa duniya wanda ya huda wannan abin. Ya riƙe mini mayafi.

“Talatu, mutumin nan shi ya ciyar da mu muna marayu. Ba zan tsaya a ƙofar masallaci in ce ƙanen ubana ya ɓata gonakin mutane ba, ke ma ba za ki faɗa ba. Ki bari. Baɗi faifan zai yi magana da kansa.”

Baɗin ce bai gani ba. Ana cikin girbi zazzaɓi ya kama shi da ciwon ciki, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ya tafi da sunan wanda ya cuci manoma, wanda ya yi aikin kuma yana zaune yana karɓar gaisuwa. Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakinsa neman littafin nan, na ɗaga katifa, na zazzage akwati, matarsa ta taya ni, babu shi babu alamarsa. Nan take zuciyata ta yanke hukunci, Baffa ya jefa shi wutar maƙera don ya binne shaida. Injinan kuma ya sare su ya mai da su fartanyu, faifan gwajin ya bi 'yan gwangwan. Guda ɗaya na tsira da shi, wanda aka kifar a ƙofar gida, na tura shi bayan rumbuna. Tun daga ranar nake gaida Baffa da fatar baki.

Nakan zauna in ce da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai yi murna da faifan hasken rana da ke kan rufin shaguna, shi da rashin wuta ya karya. Zai yi mamakin yaran da ke zana inji a kwamfutar da ba ta kai faranti nauyi ba. Amma zai yi tsaki in ya ga har yanzu in ɗan ƙaramin haƙori ya karye a injin niƙa, sai gari ya koma turmi ana jiran a kawo daga wata ƙasa. Zai yi tsaki in ya ji iyaye na cewa ɗansu ya yi karatu don ya zauna a ofis, kamar taɓa ƙarfe faɗuwa ce. Ni dai a ajina na sha faɗa, kuma ba zan daina ba, ƙasar da ba ta iya fiƙe ƙusar kanta ba, kullum a bakin titi take da hannu a miƙe. Wanda abin ya yi wa zafi ya zo ya same ni, ba na ɓuya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Rabi tana da shekara goma sha huɗu ubanta ya rasu, ita ta gaji ma'aunin nan mai baki biyu. Da ta ce fasahar inji za ta karanta, aka yi caa, wai mace da baƙin mai, wa zai aure ta. Na ce wanda ya isa. Ta gama, yanzu tana aiki a wani ƙaramin wurin ƙere-ƙere wajen Rijiyar Zaki, ita ke zane, ita ke rubuta umarni, ita ke tsayawa kan inji. Da ta mallaki hankalinta na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, ita kaɗai, don ina ganin haƙƙinta ne. Na ce mata ga ilmi ya zo, ta zana sabon faifai mu rufe bakin mutane. Ta girgiza kai. Ta ce in ta yi nata ya yi kyau, cewa za a yi 'ya ta gyara kuskuren uba, an ƙara tabbatar masa da laifi ke nan. Nasa take so ta yanka, da lambobinsa, ba ƙari ba ragi. Lambobin kuwa, a sanina, sun zama toka.

Ana nan, ƙarshen ranin da ya wuce ta zo hutun mako. Da la'asar ta jawo tsohon injin daga bayan rumbu ta kai tsakar gidan Inna, ta yi ta kwance shi tana zuba masa mai. Da ta gama sai ta ɗebi ruwa a buta, ta wanke hannu da sabulu da toka har gwiwar hannu, ta goge tas, sannan ta buɗe kwamfutarta. Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta zuba mata ido. Kun san tsakanin kaka da jika babu shamaki.

“Ke 'yar nema, ke ma ba kya taɓa abin naki sai da alwala?”

Rabi ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, “Alwalar me, tsohuwa? Baƙin mai nake wankewa kada ya ɓata mini kaya.”

Inna ta dakata da ɓarar. Ta ce, “To shi wancan fa? Shi ma man yake wankewa?”

Wancan, wato Yaya. Inna mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta zancensa, mu ma ba ma yi a gabanta, yana raye ko bayan ransa. Da Rabi ta ce mata ai shi ma man ne, sai ta nuna ɗakinta da haɓa, ta ce a sauko mata da gafakar da ke rataye saman gadonta. Shekara da shekaru muna ganin gafakar nan, duk mun ɗauka Alƙur'anin mahaifinmu ne. Rabi ta kwance igiyar, ta zaro littafi mai baƙin bango, ko ƙura babu.

Inna ta ce ranar rasuwar, gida ya cika, ta hango shi yashe a kan tabarma ana ta tsallake shi. Ita dai ta san ba a taɓa ɗaukarsa da hannu mai dauɗa ba, ta buɗe kuma ta ga gidaje da lambobi irin na hatimi, sai ta ce wannan addu'o'insa ne, ba za a taka su a gabanta ba. Ta sa baduku ya ɗinka masa gafaka, ta rataye inda ba mai kaiwa. Na ce haba Inna, shekara takwas ina neman littafin nan kamar in yi hauka, me ya hana ki faɗa? Ta dube ni ta ce wa ya tambaye ta. Gaskiyarta. Mun tambayi kowa a gidan nan ban da uwar da ta haife shi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuka ya ƙwace mini. Zato zunubi, ga shi na ɗora wa Baffa ƙona littafin da bai ko san inda yake ba.

Rabi ta koma Kano ta shigar da lambobin ubanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko ɗigo ba, injin ya yanko faifan gero cikin abin da bai kai dahuwar shinkafa ba. Aka ce a gwada a gayauna ta bayan gida tukuna, kada a sake jin kunya. Na ce Allah ya kiyaye. A bainar jama'a aka zage shi, a bainar jama'a za a wanke shi. Muka zaɓi gonar Inna ta bakin hanya, wadda duk mai zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a sai ya bi ta gefenta. Da aka yi ruwan shuka Rabi ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta kama turawa, ni ina bakin gona riƙe da ƙugu ina jiran mai magana. Aka kuwa taru a gindin ɗorawa, ina jin wani na cewa an tono injin cin iri. Kafin azahar ta gama gonar da mutum biyu ke kwana biyu a kanta. Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin da suka biyo baya kullum da asuba ina bakin gonar ina leƙen ƙasa, don in geron nan bai fito ba, na kashe Yaya sau biyu.

Rana ta biyar ya fito. Layi bayan layi, kowane gindi da tazararsa, babu cunkoso babu gurbi. Da hantsi sai ga Baffa da sandarsa, ya tsufa, idon ma ya yi rauni. Ya shiga kunya ɗaya ya bi ta har ƙarshe yana aunawa da tafin ƙafa, ya dawo ta wata. Sannan ya ce a ba shi faifan. Ya daɗe yana zagaya ramukan da ɗan yatsa.

“Idona ne ya yi ƙarya, ba yaron nan ba,” in ji shi.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, maza suka ba mu labari cewa Baffa ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi komai, ya kira gonaki goma sha biyun nan da sunayen masu su, ya nemi gafara. Abin da Yaya ya ƙi yi masa, shi ya yi wa kansa. Washegari na je har maƙera na durƙusa, na faɗa masa zargin da na yi shekaru ina yi masa kan littafin, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ai wanda ya yi babba ba ya jin haushin an ƙara masa ƙarami. Sai ya ce ya ji ina rubutu a jarida, in rubuta wannan, in sa sunansa, kada in rage komai. To ga shi na rubuta, Baffa.

Me ya rage na Yaya Habibu? Bai bar gida ba, bai bar gona ba, kamfanin da ya yi wa aiki ma an ce yanzu buhuna ake ajiyewa a ciki. Ya bar littafi ɗaya da 'ya ɗaya da ta iya karanta shi. Yanzu Baffa na zaune yana nuna wa masu jini a jika yadda za su haɗa gangar jiki, Rabi na yanko faifai daga Kano, kuma dokar maƙerarmu ta zama ɗaya, ba a huda rami da ido. Masu cewa ɗan ƙauye ba ya ƙera inji, hanyar garinmu a buɗe take, su zo gona su ƙirga kunyoyi.

Makon jiya aka girbe gonar bakin hanya. Rabi ta ce ba mai ɗaukar damin farko sai ita, ta ɗoro shi a ka har tsakar gida ta sauke gaban kakarta. Inna ta zaro zangarniya ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta daɗe tana kallon ƙwayar.

“Geron Habibu ke nan?” ta ce.

Na haura shekara arba'in a duniya, ranar na fara jin sunan a bakinta. Muka ce shi ne, Inna. Ta ce to a daka, a dama fura, a kai wa Baffa tasa tun da sauran rana.